Iskar gidan haya ba ta mutum ɗaya ba ce

Mutane idan suka ji ance ina da ciwon huhu abu biyu suke yi, na farko su ɗan ja kujerarsu baya kaman ba da gangan ba, na biyu su sassauta murya su tambaya ko maigidana yana shan sigari. Toh bari in hutar da kowa. Ba tibi ba ne, ba a ɗauka, ko da kofi ɗaya muka sha ruwa babu abin da zai same ki, kuma marigayi maigidana goro ne kawai nasa har Allah Ya karɓi abinsa, ni ma ban taɓa kai sigari bakina ba. Abin da ke damuna likitoci COPD suke ce masa, hanyoyin da iska take bi a cikin huhu ne suka ƙuntata suka lalace, kuma ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Inda na samo shi ma ba nisa, gindin murhun waakye ne, shinkafa da waken nan namu na Ghana, a nan Aboabo cikin Kumasi, sama da shekara talatin.

Duk wadda ta tashi a gidan mai waakye ta san yadda abin yake. Ƙarfe biyun dare an tashi an hura wuta, a ɗora wake da karan dafi da kanwa, kafin kiran assalatu shinkafa ta shiga. Rumfarmu ta kwano ce, gefe uku a rufe saboda ruwan sama da awaki, toh hayaƙin ina za shi? Sai ya taru a sama ya sauko ya zauna tare da ku. Da damina icen a jiƙe yake ba ya kamawa sai an sa leda ko guntun silifas, ki duƙa ki yi ta hurawa da baki ido na zubar da ruwa. Ranar suyar shito, soyayyen yajin da ake ci da waakye, kuwa ba a magana, wuni guda kina juya barkono cikin mai, duk wanda ya gifta ta lungun sai ya yi atishawa ke kuma fuskarki na bakin kaskon. Mma mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, haka ta yi ni ma haka na gada, dukanmu muna tari da safe kuma ba wanda ya ɗauke shi ciwo, tarin murhu ne kawai. Yanzu in na tuna yadda Mma ta ƙare, a zaune take kwana an jera mata filo a baya, Fatiha ma sai ta yanka ta gida-gida, ana cewa tsufa ne, sai jikina ya ba ni abin nan ne dai ya ci ta.

Nawa a tudu ya fara nuna kansa. Roman Hill ɗin nan da nake hayewa da kaya a ka ina gaisawa da mutane, sai ya zamana dole in tsaya a tsakiya in yi kaman ina taya wani abu a shago alhali numfashi nake nema. Tari da kaki kullum da asuba. Na sha ruwan maganin tari kala-kala, na sha kafso, wani mai kemis yace asma ce, aka auna kakina akace babu tibi. Sai a 2019 aka tura ni babban asibitin Komfo Anokye, wanda ake ce wa Gee, aka yi min gwajin busawa. Ana matse miki hanci a ba ki bututu, ki cika ƙirji ki busa da iyakar ƙarfinki nas tana ta cewa ƙara, ƙara, ƙara har sai kin ga wuta-wuta a idonki, sannan a ba ki inhela ki shaƙa, a ɗan jira, a sake. Abin da suke dubawa shi ne cikin duk iskar da kika iya fitarwa, nawa ce ta fito a daƙiƙar farko. Mai lafiya yawancin tasa a nan take ficewa. In bayan an shaƙi magani har yanzu abin bai kai kashi 70 cikin 100 ba, toh hanya ta toshe irin toshewar da magani ba ya buɗe ta duka. Bambancinmu da masu asma kenan, su idan abin ya sake su sukan dawo garau, mu kuwa akwai rana mai sauƙi akwai mai wuya amma babu ranar garau.

Dokta yace min, Hajiya, matsalarki ba shigar iska ba ce, fitarta ce. Yadda na fahimta, huhu mai lafiya in ya cika da kansa yake komawa ya turo iskar waje, nawa kuwa ya zama kamar robar tsohon siket, ta miƙe ta ƙi komawa. Tsohuwar iska tana maƙale a ciki sabuwa ba ta samun wurin zama, ga hanyoyin sun kumbura ga majina. Shi yasa in na firgita na fara haki da sauri-sauri abin ƙara muni yake, ina ta ja ina ja alhali ƙirjin a cike yake.

Ɗiyata ta biyu ce ta karanto min a waya cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2021 ciwon nan ya kashe mutum miliyan 3.5, shi ne na huɗu a cikin abubuwan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashen masu kuɗi sama da kashi 70 cikin 100 sigari ne sanadi, amma a irin namu sigari kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki na cikin manyan dalilai. Nace mata ashe muna da yawa, auna mu ne kawai ba a yi. Ki zaga Asawase da Sawaba da Akwatia Line da hantsi ki ga tsofaffin masu koko da masu ƙosai da masu tuwon zafi da suka ajiye sana'a, suna zaune a baranda sun dafa gwiwa kafaɗa na sama da ƙasa, kowa na cewa jiki ne ya gaji.

Maganar magani ba ta da tsawo. Inhela biyu gare ni. Shuɗiyar, salbutamol, wadda kowa ya fi sani da Ventolin, ita ce ta gaggawa, cikin 'yan mintoci take buɗe ƙirji ta riƙe kamar awa huɗu, sai dai tana sa hannu rawa da bugun zuciya, kar ki tsorata. Ɗayar ta kullum ce, ko ina jin sauƙi ko ba na ji sai na shaƙa, kuma da na gama sai in kurkure baki in zubar don tana iya kawo farin ƙuraje a harshe. Wata nas, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta zaunar da ni ta nuna min yadda ake yi, don mutane da yawa fesawa kawai suke a baki kaman turare maganin ya tsaya a maƙogwaro. Girgizawa ake yi, a fitar da numfashi tukuna, a danna sau ɗaya ana jan iska a hankali, a riƙe kamar ƙirgen goma, in za a ƙara a ɗan dakata. Akwai wata gora da ake haɗawa da ita, sifesa suke ce mata, da ita maganin ya fi isa ciki musamman ranar da ba ki da ƙarfin ja. Katin inshora kuma ba na bari ya mutu, yanzu ma ba sai an je layi ba, a waya ake danna *929# a sabunta. Yana ɗauke wasu abubuwan wasu kuma aljihunki ne, mai tsadar dai kusan kullum ni da yarana muke haɗawa.

Sai dabarun da ba a saye. In ja iska ta hanci ƙirgen biyu, in tsuke baki in fitar a hankali ƙirgen huɗu ko fiye, wannan shi ke ba tsohuwar iskar damar fita, kuma shi nake yi a kan tudu, da wurin wanka, da duk lokacin da na ji tsoro na neman kama ni. Wanka a zaune kan 'yar kujera. Ba na cika ciki, don in ciki ya cika yana tokare ƙirji, abin dariya mai waakye ba ta iya cinye waakyen kirki, wake yana kumbura ni, sai kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ruwa ina sha sosai don kakin ya yi laushi. Tafiya kuwa dole, nan ne yarana suka fi ba ni wahala, su a ganinsu tausayi shi ne in zauna a kawo min komai har buta, dokta kuma yace zaman shi zai kashe min ƙafafu, in tsoka ta mutu ƙaramin motsi ma sai ya nemi iska mai yawa. Toh kullum da la'asar ina fita in taka, in haki ya zo in tsaya in tsuke baki ya wuce in ci gaba.

Ranar da kakin ya canza launi ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ko ya ƙaru, ko shuɗiyar inhelar ta daina riƙe ni, ba na jiran gobe. Tashin ciwon kenan, kuma kowane tashi mai ƙarfi yana iya tafiya da wani abu daga huhun da ba zai dawo ba. Sukan ba da prednisolone na kamar kwana biyar, wani lokaci da maganin ƙwayoyin cuta. Kwana biyar fa, ba wata biyar ba, don na san mata a zangon nan da suke sayen irin ƙwayoyin nan a kemis suna sha kullum saboda suna sa ƙirji ya saki kuma suna sa ƙiba, ƙarshenta ga siga ga hawan jini ga ƙashi ya yi taushi. In leɓe ya yi duhu, ko mutum ya kasa haɗa magana, ko ya rikice yana ta gyangyaɗi, wannan mota ake nema ba ruwan zafi ba. Na koya wa duk 'yan ɗakina cewa in aka kai ni ba na iya magana su faɗa da bakinsu COPD gare ta, saboda mu ba a buɗe mana oksijin da yawa, abin da ake maƙalawa a yatsa 88 zuwa 92 ake so ya nuna, in ya yi yawa wata iskar mara kyau ce take taruwa a jini. Allurar mura da ta nimoniya ma ku tambayi likitanku.

Duk wannan da na lissafa abu ne da ke hannuna, kuma wallahi shi ne mai sauƙin. Mai wuyar ita ce iskar da nake shaƙa, don ba tawa ba ce ni kaɗai.

Gidan haya nake, ɗakuna a jere tsakar gida ɗaya pampo ɗaya, kowace ƙofa da kurfotinta, murhun gawayi kenan. Da yamma ta yi kowa zai fito da gawayinsa, kuma kusan kowa da leda yake tada wutar, ɗakina kuma shi ne a lungu inda katanga ta haɗu, duk hayaƙin can yake zuwa ziyara. Dokar ƙasa tun 2012 ta hana shan sigari a wurin jama'a, amma wace doka ce za ta hana maƙwabciyarki dafa wa 'ya'yanta tuwo? Mu kuma an raine mu da kawaici, ki ga abu ki kau da kai, wadda ta cika magana a gidan haya ita ce fitinanniya. Zo mu zauna zo mu saɓa akace. Amma kawaicin da zai kwantar da ke a asibiti fa sai a sake lissafi.

Amaryar da ke ɗakin kusa da ni na fara yi wa magana, yarinya ce ƙarama mai son turaren wuta, safe da yamma kaskonta na bakin ƙofa yana tashi. Na kira ta nace 'yata zo ki zauna, turarenki akwai daɗi, da ina da lafiya da ni zan roƙe ki ki sam min, amma duk sanda kika kunna ni kwana nake a zaune. Ta zaro ido tace Mma me yasa ba ki faɗa ba tuntuni, wallahi ban sani ba. Daga ranar ta koma kunnawa a cikin ɗaki ta rufe ƙofa, nace mata ke ma ki riƙa buɗe tagar baya kar ki gaji ciwona. Ita ce ma yanzu in ta ga wani yaro zai sa leda a wuta take kwaɓarsa kafin in buɗe baki.

Ba kowa ne haka ba. Akwai wata babba, tsarata ce, tare muka yi zaman gidan nan tun 'ya'yanmu na goye. Da na yi mata maganar leda sai ta ajiye mafici tace, Hajiya, ke da kika shekara da shekaru kina turnuƙe unguwa da hayaƙin waakye, shanyarmu har warinsa take, yau ke ce mai koya mana hura wuta? Ban ce komai ba don maganarta akwai ƙamshin gaskiya, na shiga ɗaki. Mun yi kwanaki gaisuwa sama-sama. Abin da ya gyara ba wa'azi ba ne, na riƙa aika jikata da ɗan ƙullin ɓawon kwakwa da busassun ƙirare tace inji Hajiya a tada wuta da shi, tun tana karɓa tana taɓe baki har ta saba. Ba ta daina ledar gaba ɗaya ba, amma ta juya kurfotinta ya kalli ƙofar gida, ni kuma na karɓi hakan. A gidan haya rabin biyan buƙata ma riba ce.

Bola ita ce babbar rigimar da har yau ba ta mutu ba. Bayan gidanmu akwai fili inda ake tara shara, ledar piya wata, famfas ɗin yara, tsumma, fasassun robobi, in ta taru wani ya ƙyasta ashana da magariba ya tafi abinsa, ta yi ta ci a hankali har asuba. Wannan hayaƙin ya fi na ice sharri nesa ba kusa ba, minti kaɗan ƙirjina ya fara kuka. Wasu sunce in kai ƙara wurin 'yan tankas masu duba tsafta, nace in sa a ci maƙwabcina tara sannan gobe in mutu shi zai ɗauki makarata? Sai na bi ta wurin lanlod da limamin masallacin lungunmu, aka yi zama aka ce kowane ɗaki ya riƙa ba da wani abu mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya zo ya kwashe. Wata biyu abin ya tafi daidai, daga nan wannan yace bai samu ba wancan yace ai shi ba ya tara shara, gidan da ke bayanmu kuma dama ba su shiga ba. Yanzu dai ana kwashewa ana kuma ƙonawa, sai dai yaran sun san in za a kunna su zo su buga min ƙofa in rufe taga ko in bar gidan. Maganin sauro na kunnawa na kore shi daga ɗakina tuntuni, gidan sauro nake shiga. In aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, mai shagon aski ya tada janareta a jikin katangata, shi ma sai da muka yi 'yar magana, yaron kirki ne ya ƙara waya ya matsar da shi gaba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sha'ani. Mace a zango in ba ta zuwa bikin awure da suna da addu'ar arba'in ai ta fita daga mutane. Amma gidan biki shi ne matattarar duk abin da aka hana ni, ga manyan tukwane a kan ice tun jajibiri, ga kaskon turare ana zagawa da shi ana kanga wa kowa a ƙarƙashin mayafi, ga mai fesa turare tana bi layi-layi ba ta tambaya. Yanzu ina yin yayi, wato anko, in ba da gudummawata, in je da wuri kafin a cika, in nemi kujerar bakin ƙofa, in gaida uwar biki in sulale. Na ji ance Hajiya ta fara girman kai tunda 'ya'yanta suka fara aiki. Na so in bi kowa in yi bayani, daga baya na ga numfashin da zan kashe wurin bayanin ma ina da abin yi da shi. Da babbar sallah kuwa ranar babbakar kai da ƙafa ba na kwana a unguwar, gidan ɗiyata nake tafiya can wajen Kenyase sai an gama.

Akwai kuma masu son ki da alheri su kashe ki. Wata gwaggona ta zo takanas da ƙullin magani, wai ciwon nan ba na asibiti ba ne, sana'ata aka yi wa hassada aka jefe ni, a zuba garin a garwashi in lulluɓa da bargo in shaƙa safe da yamma. Nace Gwaggo, hayaƙi ne ya kawo ni nan, kuma hayaƙi ne zai fitar da ni? Tace ke dai kin cika taurin kai irin na uwarki. Na karɓa na yi godiya na sa a ƙasan akwati. Addu'a ina yi ina kuma so a yi min, zuma da habbatus sauda in an kawo ina sha, ba su hana ni inhela ba inhela ba ta hana ni su ba, amma duk abin da za a ƙona a ce in shaƙa, ko waye ya aiko, a'a.

Sallah ma sai da na yi fama da zuciyata. Ruku'u da sujada suna matse ni, in na ɗago sai in ga jiri. Malaminmu na makarantar dare yace min, Hajiya, hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Bukhari, ka yi sallah a tsaye, in ba ka iyawa a zaune, in ba ka iyawa a kan gefenka, toh ke wa kike so ki burge? Ranar sauƙi ina tsayawa, ranar wuya kujera. Azumi kuwa malamai sun saɓa a kan inhela, wasu sunce ba ta karyawa tunda huhu take zuwa ba ciki ba, wasu sunce tana karyawa, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ni ta kullum ɗin na mayar da ita sahur da bayan shan ruwa da sanin dokta, shuɗiyar kuma in ƙirji ya kama da rana ba na tsayawa jan hankali, Allah da kansa Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara.

Hunturu shi ne watannin da nake tsoro, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu, ƙurar nan da ke tasowa daga hamada ta rufe gari har ba ka hango tsallaken titi sosai, ga sanyin asuba mai shiga ƙirji. Lokacin ba na fita da sassafe, ba a shara a ƙofata sai an yayyafa ruwa, kuma nos mas ba ya barin jakata. Korona ta zo da masifa amma ni ta yi min rana ɗaya, a 2020 kowa ya rufe hanci na huta da kallo. Yanzu an koma gidan jiya, in na sa a trotro, motar haya, sai ka ga na kusa da ni yana matsawa. Pragya kuwa, keke mai ƙafa uku na haya, a go-slow na Aboabo zuwa Kejetia, kana zaune daidai bakin salansar motar gabanka, gara in jira rana ta ɗaga hanya ta sake.

Sana'a ban bari ba, da me zan sayi inhelar? Amma na tashi daga gindin wuta na koma teburin sayarwa, kuma nan ne wani abu ya tsaya min a wuya. Inda na tashi wata ce ta tsaya. Yaran da ke taya ni 'yan arewa ne, ƙanana, iyayensu sun ba ni amana, kuma wata safiya ina daga ɗaki na ji ɗaya a cikinsu tana irin tarin nan da na sani, tarin murhu. Ni likita ya gaya min nawa ba ya komawa baya, nata kuwa yanzu aka fara rubutawa. Ranar na kira kafinta ya ɓalle gefe biyu na rumfar ya ɗaga kwanon sama ya bar wa hayaƙi hanya. Na hana leda da roba kwata-kwata, ice sai busasshe, ina saye tun rani in jibge a inda ruwa ba ya taɓawa. Suyar shito a fili ake yi yanzu kuma ba mutum ɗaya ke tsayawa a kai ba, karɓa-karɓa suke. Miya da taliya da ƙwai duk sun koma kan gas.

Kwastomomi wasu sunce waakyen ice ya fi daɗi, wai akwai wani ƙamshi. Na yarda akwai, ni ma da shi na girma, amma wanda ke faɗin haka minti biyar yake a wurin ya karɓi ganyensa ya wuce ofis. Gas kuma akwai tsada ba ƙarya, in ka lissafa cikon silinda sai ka ga ribar ta tsuke, ga ranar da za a zaga gidajen mai a ce babu. Shi yasa babbar tukunyar wake har yanzu a kan ice take, ita ce mai cin wuta awa da awanni. Na shiga adashi saboda ita, kwasata na zuwa bayan ƙaramar sallah, kuma na riga na sa wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya zo ya auna gindin tukunyar, yace zai ƙera murhun da ƙafa shida don huɗu ba za su ɗauke ta ba. Mun tsaya a kan rabin kuɗi yanzu, rabi in ya kawo na gwada.